Aikin girid da ke mutuwa a hutun ƙarshen mako: me kuka tarar?

Injiniya, Jidda: Assalamu alaikum. Ana tura aiki a girid, wato kwamfutocin cibiyoyi da yawa da aka haɗa suna lissafi tare, ranar Alhamis da la'asar, a dawo Lahadi bayan hutun Juma'a da Asabar na nan Saudiyya a tarar ya mutu, wai ba izini. Kowa ya kawo abin da ya saba gani.

Malama, Riyad: Wa alaikumus salam, Injiniya. Galibi satifiket ɗin wakilci ne, wato shaidar wucin gadi da aikin ke nunawa a madadinka. Awa 12 umarnin da ke ƙirƙirar sa, voms-proxy-init, ke bayarwa in ba a nemi ƙari ba, to wajen asubar Juma'a ya ƙare. Aikin da ke jiran layi, ko wanda ya zo ajiye sakamako, sai a rufe masa ƙofa. Kar kuma a ce bari a yi na wata guda. Fayil ɗin yana zaune a /tmp ba kalmar sirri, duk wanda ya kwafe shi ya zama kai har wa'adin ya cika, shi ya sa aka gajarta shi da gangan. A ajiye mai tsawo a sabar MyProxy, wadda ke riƙe shi kwana 7, tsarin ya riƙa sabunta gajeren daga can. Ku kuma duba voms-proxy-info --all, don wa'adin VOMS, wato shaidar cewa kai ɗan ƙungiyar ne, daban yake: sai ka ga satifiket da ransa, shaidar ƙungiya kuwa ta mutu.

Ɗan Damam: Haka ne, Malama. Amma in kowa aka ƙi lokaci guda, na'urar za a duba. Duk awa 6 ake so shirin fetch-crl ya sauko da jerin satifiket ɗin da aka soke. In katangar tsaro (firewall) ta hana shi fita, tsohon jerin ya wuce wa'adi, shi ke nan sabar ta ƙi duk wanda hukumar da ta fitar da jerin ta sa wa satifiket ɗinsa hannu.

Sai agogo. Da UTC, ma'aunin lokaci na duniya, satifiket ke lissafi, mu kuwa muna gaba da awa 3. Wanda ya juya agogo da hannu maimakon saita yankin lokaci da NTP, mai daidaita agogo ta intanet, sabon satifiket ma sai a ce masa lokacinsa bai yi ba.

Dakta, Makka: In an shiga lafiya amma kwafin fayil ya maƙale, ba laifin satifiket ba ne. An buɗe wa GridFTP, hanyar kwafin fayil a girid, ƙofa (port) 2811 an manta ƙofofin bayanai, galibi 20000 zuwa 25000. Matsalar kuma in ta cibiyar Turai ce, ku kai ƙorafi tun Juma'a, su ranar aiki ce gare su. Kuka bari sai Lahadi, ba mai amsawa sai Litinin.