Neman kalmar Hausa: me za mu kira "scram"?

Mai fassarar labarai, Ƙofar Ƙaura: Jama'a, salamu alaikum. A tashar lantarki ta nukiliya, idan ruwan da ke sanyaya tukunya (wato "reactor", inda ake tsaga ƙwayoyin yuraniyom don samar da zafi) ya fara yoyo, na'urori kan tsayar da ita nan take, ba sai an jira umarnin kowa ba. Turawa na ce wa wannan "scram". Ni dai na rubuta "kashewar gaggawa". Ya kuka gani?

Malamin kimiyya, Daura: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire "kashewa". Sanduna ne masu sinadarin boron ko kadmiyom ake zurawa cikin tukunyar, su shanye niyutron (ƙananan ƙwayoyin da ke tsaga yuraniyom), tsagewar ƙwayoyin yuraniyom ta tsaya cikin 'yan daƙiƙu. Amma zafi bai mutu ba. A wannan lokacin tana fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafin da take yi, da farko yakan ragu da sauri, amma sauran sannu a hankali yake sauka, kwana da kwanaki. A Fukushima ta Japan, a 2011, tukwanen sun tsaya da kansu da ƙasa ta girgiza. Ambaliyar teku ce ta cinye janaretoci, famfunan ruwa suka tsaya, cikin tukwane uku ya narke. Mai sauraro in ya ji "an kashe", sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Ɗaliba, Ƙofar Marusa: Malam, "ɗauke wuta" fa?

Malamin kimiyya: A'a 'yata, kowa zai zaci layin unguwarsu ake nufi.

Bakanike, Ƙofar Ƙwaya: Allah gafarta Malam, ku ce "birkin gaggawa" mana. Ko ka taka birki mota ta tsaya cak, inji na nan da zafinsa, ba mai hankalin da zai buɗe murfin lagireto.

Malamin kimiyya: Oga, ka kawo ta. Haka aka yi a Three Mile Island ta Amurka a 1979: birkin ya kama, amma wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwa ya yi ta tsiyaya fiye da awa biyu masu aiki ba su ankara ba.

Mai fassarar labarai: To na ɗauka: "yoyon ruwan sanyaya" ya sa tukunya ta "taka birkin gaggawa". Saura "meltdown". "Narkewar cikin tukunya" ta yi min tsawo a kanun labarai, wa ke da gajeriya?