Rigimar "rigakafin" ciwon daji a zauren tsofaffin ɗalibai

Bashir: Jama'a, raina a ɓace yake. Wata shida muna jigilar gwaggona asibiti, gona guda ta tafi a kuɗin allurai. Ashe Turawa na da rigakafin da ke lalata jijiyoyin jinin da ƙarin daji ke sha, yunwa ta kashe shi. Ɓoye mana suke yi!

Malam Ɗanlami: Allah ya ba ta lafiya. Amma rigakafi kuma? Cuta ta riga ta kama mutum, me za a riga? Wannan magani ne.

Sista Hadiza: Malam, yadda yake aiki ne ya ja masa sunan: garkuwar jiki yake koya wa ta far wa sababbin jijiyoyin ƙarin. Tun 1971 wani likitan Amurka, Judah Folkman, ya ce ƙari ba ya wuce milimita 1 ko 2 sai ya janyo jijiyoyi. Bashir, ba a ɓoye komai ba, gwaji ake yi: CIGB-247 a Kyuba, VXM01 a Jamus.

Malam Ɗanlami: To ki ce allurar horon garkuwa. Shekara 22 ina koyar da Hausa.

Sista Hadiza: VXM01 ma sha ake yi, Malam. Ina allurar?

Auwalu: An zo wurin! Gwaji. Mu Kanawa ba mu manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaranmu a 1996 ba.

Nura: Kullum sai kun sako Kano. Na HPV, ƙwayar cutar da ke jawo dajin bakin mahaifa, da aka fara yi wa 'yan mata a Najeriya a 2023 shi ne rigakafin gaskiya, ka kai naka?

Auwalu: Bazazzagi zai koya min tarbiyyar 'ya'yana? Biya kuɗin taron bara tukuna.

Nura: Na biya, tambayi ma'aji!

Bashir: Ni dai gwaggona fa?

Sista Hadiza: Kada ku daina kai ta asibiti. Avastin, mai hana jijiyoyin tsirowa, yana kasuwa tun 2004, amma a 2011 Amurka ta janye amincewa da shi kan dajin mama. Ku bi maganar likitanta.

Malam Ɗanlami: Shi ma rigakafi ne?

Shugaban zaure: Na rufe. A taƙaice, Malam Ɗanlami, wanda ya koyar da mu duka, ya tabbatar kalmar kuskure ce, Sista kuma ba ta kawo ƙamus ba. Nura ka turo rasit kafin Juma'a.