Kafin a kai mai rauni asibiti

Da aka tattauna kan aikin ma'aikatan motar asibiti, shawarar da ta fi yawa ita ce a wurin hatsari a fara da tsayar da jini. Jinin da ke tsartuwa daga cinya kan kashe mutum cikin 'yan mintoci, shi ya sa ma'aikacin ke danne wurin da bandeji. In ya ƙi tsayawa ya ɗaure sama da raunin tamau, ya rubuta lokacin. Sannan numfashi, sannan wuya.

A nan jama'a ke ɓata aiki da kyakkyawar niyya. Wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, a cusa mutum a adaidaita sahu kansa na reto. In ƙashin wuya ya karye, hakan na iya shanye masa jiki har abada. Kada a ba shi ruwa ko yana roƙo, wataƙila tiyata ke jiransa. Ƙarfen da ya soke shi kuwa, kada a zare.

An yi jayayya kan daɗewa a wurin hatsari. Masu cewa a hanzarta sun fi hujja a ganina, tunda jinin da ke zuba a ciki sai likitan tiyata. A Najeriya lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa 112.