Neman shawara: an kawo wa yarona rokar wasa, amma babu inji a ciki

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanin maiɗakina da ke karatu a Amurka ya zo hutu, ya kawo wa yarona tsarabar roka irin wadda ake haɗawa da hannu, ta kamfanin Estes, an rubuta Mercury Redstone a jikin kwalin. Yaron yana aji biyu na babbar sakandare, ba shi da zance sai na sararin samaniya. A ciki akwai bututun kwali, da siraran katako marasa nauyi, da hancin roba, da 'yar lema, da takardar bayani. Abin da zai tashe ta ne babu. Takardar ta ce a sa mata inji mai lamba C6-3, kawun nasa kuma ya ce ba a barin mutum ya hau jirgi da shi. Shin ana samunsa a Kano? Wani abokinsa ya ce su nemi albarushi wajen masu bindigar toka, ko su fasa nokawut su ɗura. Sannan in an gama, akwai filin ƙwallo a bayan layinmu a Hotoro, ko zai yi?

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kafin komai ka raba yaron nan da maganar albarushi yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe. Injin da takardar ke nufi wani ɗan guntun bututun takarda ne mai kauri, tsawonsa kamar na yatsa, an danne albarushi a ciki da injin masana'anta har ya zama dunƙule guda, an toshe gindinsa da yumɓu an bar ƙaramar ƙofa. Dannewar ce take sa ya ci wuta daga ƙasa zuwa sama a tsare. Garin da aka ɗura da hannu akwai iska a tsakaninsa, gaba ɗaya yake kamawa lokaci guda. Wannan ba ya tashi sama, fashewa yake yi, galibi a hannun mai ɗurawa. Dalilin da ya sa aka fara sayar da injin da aka gama haɗawa ke nan tun farko: bayan Rasha ta harba tauraron ɗan adam na Sputnik a 1957, yaran Amurka suka dinga cusa sinadarai a bututun ƙarfe suna rasa yatsu da idanu. A shekarar aka kafa ƙungiyar masu wannan wasa, wadda yanzu ake kira NAR, Vernon Estes kuma ya fara kamfaninsa a 1958.

Lambar ma bayani ce. C ajin ƙarfi ne, ya ninka B sau biyu, B kuma ya ninka A. Lamba 6 matsakaicin ƙarfin turawa ne a ma'aunin niyuton. Lamba 3 kuwa daƙiƙoƙin da yake jira ne bayan wutar ta ƙare, rokar na ci gaba da hawa da saurin da ta samu, sannan ya yi ɗan tari ya tunkuɗo hanci da lema. Ka ga ko da garin nokawut ya tashe ta, wa zai buɗe lemar?

Tsohon Ɗan Sanda:
Alhaji, ni ɓangaren da na sani zan faɗa. Injin nan a doka yana cikin abubuwa masu fashewa, kuma muna da dokarsu tun 1964, shigo da su ko ajiye su sai da lasisi. Ban taɓa ganinsa a shago a garin nan ba, kuma duk wanda ya ce zai aiko maka ta bayan fage, ka ce ka gode. Batun fili kuma, ka tuna a Kano kake, garin da ya ga abin da ya gani a 2012. Abu ya yi ƙara ya tashi da hayaƙi a tsakiyar Hotoro, kafin ka buɗe baki ka ce na wasa ne jama'a sun taru, waya ta kai inda ba ka so. Ga filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari, harkar jiragen sama kuma hukumar NCAA ce ke sa ido a kanta. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma sai da izini, balle abin da sunansa roka. In har za a harba, makaranta ce ya kamata ta ɗauki nauyi, ta rubuta takarda, DPO na yankin da mai unguwa su san rana da wuri.

Ɗan Kurna:
Wato mu da ko jirgin kara da roba ba mu iya ba, 'ya'yanmu za su rigaye mu zuwa wata. Allah ya sa a tafi da mu.

Kafinta:
Yallabai, ni na ce a fara haɗa ta tukuna, rabin daɗin abin a nan yake. Siraran katakon nan balsa ne, farce ma yana lotsa shi. Kada ya ɓalle fukafukan da hannu, ya bi layin da reza sabuwa, ya haɗa su wuri guda ya goga da samfefa mai laushi don su zo daidai. Sufa gulu ba nasa ba ne, yana ƙandarewa ya ɓalle da an sauka da ƙarfi. Farin gam namu na kafintoci zai sa. Ya shafa kaɗan a bakin katakon, ya danna a jikin bututun, ya cire, ya bari ya ɗan sha iska, ya ƙara shafawa ya mayar. In ya bushe sai ya ja layin gam da yatsa a kusurwar da suka haɗu. Ɗaya bayan ɗaya, kuma ya dinga leƙawa ta gindi ya ga ko ya miƙe. Hancin na roba ne, farin gam ba ya kama roba, a duba abin da takardar ta ce. Fenti na feshi kuwa siriri-siriri, sau biyu ko uku, a cikin ɗaki mai taga a buɗe. Yanzu da hunturu ya shigo, in ya fesa a tsakar gida ƙura za ta zauna a kai ya zama kamar bangon da aka yi wa yaɓe.

Malamin Fiziks:
Ƙari kan maganar Kafinta. Wannan samfurin kwaikwayon rokar da ta ɗauki Alan Shepard ce ranar 5 ga Mayu 1961, Ba'amurke na farko da ya je sararin samaniya, tafiyar minti 15 kacal. Ta gaskiyar ta kai wajen mita 25, fukafukanta ƙanana ne saboda tana da na'urar da ke saita ta. Ta wasan ba ta da komai sai daidaiton nauyi, don haka ba ita ce ta farko da ake ba ɗan koyo ba. In an gama, a ɗora ta a kan yatsa a gano inda ta tsaya cak, a ɗaura zare a nan, a wulwula ta a kewaye. In hanci ne a gaba, ta yi. In tana juyi, a ƙara ɗan nauyi a cikin hancin. Gwajin gaskiya da inji a ciki ake yi, tunda shi ke nauyaya gindin. Filin ƙwallon kuma ya yi kaɗan ko da izini: ƙa'idar NAR ta ce inji ajin C yana son fili mai kimanin mita 120 kowane gefe, ba busasshiyar ciyawa, ba wayar lantarki, iska kada ta wuce kilomita 32 a awa. Da batir da doguwar waya ake kunnawa daga nisan mita 5, ba da ashana ba.

Maman Ihsan:
Ni dai a matsayina na uwa, abokin nan ne ya tsaya mini a rai. Ka kira shi ka zaunar da su tare, in da hali ka sanar da mahaifinsa. In ka hana naka kaɗai, a gidansu za su je su yi.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, da daddaren nan zan je wajen mahaifin nasa. Amma Malam, yaron so yake ya ga abu ya tashi. In na ce a ajiye ta a kan kanta kawai, ban san yadda zai ɗauka ba.

Malamin Fiziks:
Ai zai ga tashi. Ku yi rokar ruwa, ita nake yi da ɗalibaina, kuma dokar da ke ɗaga ta Shepard ita ke ɗaga wannan, doka ta uku ta Newton. A samo robar lemo mai gas ta lita ɗaya da rabi, wadda ba ta da lotsa ko ƙarzuwa. Ta ruwan sha ba ta jure matsi kamar ta. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe da roba mai kama baki da aka huda aka sa bawul ɗin tayar keke, a kifa ta, a haɗa da famfon keke mai dogon tiyo. Bututun PVC na yin mazauni ana samu a Ƙofar Ruwa. Fukafukai uku daga wata robar, ɗan yumɓu a hanci. Kowa ya ja baya, kada a leƙa ta sama, kada kuma a wuce 50 a layin da aka rubuta PSI a ma'aunin famfon. Tana wuce bene hawa uku cikin sauƙi. Ya dinga canza yawan ruwan yana auna lokacin da take yi a sama da agogon waya, ya rubuta a littafi. Da wannan littafin da Redstone ɗin da ya haɗa sai ya je wajen malaminsu na fiziks, su rubuta wa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Tana da cibiyar da ke aikin injin roka a Epe ta jihar Legas, su ne za su faɗa wa makarantar hanyar da doka ta yarda.

Kafinta:
In za a yanka PVC ɗin a turo shi shagona ranar Asabar bayan azahar, akwai zarto da samfefa. Ya taho da kwalin duka, har takardar.