Ina so in gina ɗakin ƙasa da hannuna a Talladje: neman shawarar zaure

Malamin makaranta, Talladje (Yamai):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Bara na kafa rumfa a tsakar gidana, na kuma haɗa wa kajin uwargida akurki da raga da guntayen katako da na sayo a kasuwar Katako, kuma har yau babu baƙon da zai shigo gidan ya fita ban kai shi ya gani ba. Yanzu buri ya ƙaru. Ina so in gina ƙaramin ɗaki na ƙasa a kusurwar gidan, mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, domin karatu da hutun rana, saboda ɗakunanmu na siminti da rufin kwano ba sa zaunuwa a watannin Afrilu da Mayu. Ba ni da niyyar ɗaukar magini sai inda ya zama dole. Wasu daga cikin ƴan'uwana suna ganin abin kunya ne mai albashi ya koma ginin ƙasa a cikin birni, amma wannan bai dame ni ba kamar yadda tsoron damina yake damuna. Ina neman shawararku a kan ƙasar da zan yi amfani da ita, da tushe, da rufi.

Tsohon magini, Tawa:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa niyyarka albarka. Ɗana ne yake rubuta mini, ni kuwa ina faɗa masa. Shawarata ta farko a kan lokaci ce: ka jira a gama kaka, ka buga bulonka cikin sanyin hunturu, domin bulon da aka buga a tsakiyar bazara yakan bushe ta waje da sauri alhali cikinsa yana ɗanye, sai ya tsattsage. Ta biyu ita ce kada ka yarda da kowace ƙasa da mai amalanke ya kawo maka don kawai ya ce mai kyau ce. Ka jiƙa kaɗan, ka murza ta tsakanin tafukanka har ta yi tsawo kamar igiya mai kaurin babban yatsa, sannan ka riƙa tura ta sannu a hankali ta gefen hannunka. Idan ta karye tun ba ta kai tsawon yatsa ba, yashi ya yi mata yawa kuma bangonka zai riƙa zubewa. Idan kuma ta yi ta reto ta wuce tsawon tafin hannu ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, dole ka ƙara mata yashi. Wadda ta karye a tsakanin waɗannan biyun ita ce taka.

Bayan ka samu ƙasar, ka zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, ka tattake ta da ƙafa sosai, ka bar ta ta kwana biyu ko uku kafin ka taɓa ta. Yaran yanzu suna kwaɓawa da safe su buga da rana, shi ya sa gininsu ba ya daɗewa. Mu da muka koya a gaban iyayenmu da tubali muka fara, wanda ake mulmulawa da hannu, amma kai da ba ka saba ba ka sa kafinta ya yi maka akwatin buga bulo na katako, domin dukansu su fito daidai da juna kuma jerin ya yi maka sauƙi.

Ɗalibin fannin gine-gine, Harobanda:
Baba ya faɗi abin da malamanmu suke faɗa, sai dai su da kwalba suke gwadawa. Malam, ka cika rabin kwalba da ƙasar, ka ƙarasa da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka mai laushi a bisansa, yumɓu kuma a can sama, sai ka ga yawan kowane da idonka. Ina ganin ya kyautu ka yi gwajin biyu duka.

Abin da na fi so in ja hankalinka a kai shi ne tushe, domin yawancin ɗakunan ƙasa da suke faɗuwa a Yamai daga ƙasa ruwa yake cin su. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2024 ya san yadda ruwan da ya kwanta a gindin bango yake jiƙa shi har ya zauna. Saboda haka ka haƙa har ka tarar da ƙasa mai tauri, ka ɗora tushen dutse ko na bulon siminti cikakke, ka ɗaga shi aƙalla santimita 40 bisa tsakar gida, ka shimfiɗa leda mai kauri a kansa domin danshi kada ya hau, sannan ka fara jera bulon ƙasa. Kaurin bangon ma kada ya gaza santimita 40, domin kaurin ne yake hana zafin rana shiga sai dare ya yi. Idan aljihunka zai iya, akwai masu injin matse bulo na jar ƙasa, wanda ake gauraya wa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a rufe shi ana yayyafa masa ruwa kusan mako 4 kafin a yi gini da shi. Da irin wannan bulon aka gina gidajen da ake kira Niamey 2000 a nan birni, da kuma sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, wanda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana aka kammala a 2018. Masu cewa ginin ƙasa na matalauta ne ka nuna musu hotunan waɗannan wurare.

Hajiya mai saƙa, Yantala:
Ƙanena, batun ƴan'uwanka ka bar shi, ranar da zafi ya kai maƙura su ne za su fara shimfiɗa tabarma a ɗakin nan. Ni shawarata ƙarama ce, ta mata. Kafin ka shiga babban aiki ka gina wa uwargida murhun ƙasa irin wanda ake kira Albarka, da wannan kwaɓin da Baba ya bayyana. Aikin yini ɗaya ne, yana rage cin itace, kuma a jikinsa za ka gane ko ƙasarka tana tsagewa idan ta bushe, ba tare da ka yi asarar komai ba. Ni da hannuna na gina nawa, kamar yadda na saƙa faya-fayen da ke rataye a ɗakina da kabar goriba, kuma duk da cewa na san akwai waɗanda suka fi su kyau a wurin masu sana'a na Wadata da na gidan tarihi na Boubou Hama, ban taɓa jin sha'awar sauke nawa in rataya nasu ba. Idan ɗakin ya tashi kuma, kada ka shimfiɗa masa ledar ƙasa ta kanti, domin tana riƙe danshi a ƙarƙashinta. Daɓe mai kyau da tabarmar kaba sun fi dacewa da shi.

Tsohon magini, Tawa:
Hajiya ta yi gaskiya a kan murhu. Yaron da ke karatun gini ma Allah ya ƙara masa ilimi, abin da ya faɗa a kan tushe haka yake. Na dawo ne saboda yaɓe, domin a nan ne mutanen birni suke ɓata aikinsu da kuɗinsu. Mutum ya gama gininsa na ƙasa, sai ya ce bari ya kare shi, ya sayo siminti ya shafe bangon. Siminti da ƙasa ba sa kama juna, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, saboda haka bayan damina ɗaya ko biyu sai simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta riƙa narkewa a ɓoye har wata rana ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa shi ne na ginin ƙasa. Iyayenmu suna jiƙa ɓawon ƴaƴan ɗorawa su sami makuba su kwaɓa yaɓen da ita, masu hali kuma su yi laso da katsin marina, ruwa ya riƙa zamewa a kai. Idan ba ka samu waɗannan ba, ka yi da ƙasa da ciyawa da kashin shanu da aka bari ya ruɓa tare, ka kuma sa a ranka cewa kowace shekara kafin ruwan farko za ka zagaya ka gyara inda ya zaizaye, musamman bangon gabas, domin daga can hadari yake tasowa da iskarsa. Indararo kuma ka yi shi dogo, ya zubar da ruwa nesa da gindin bango, ka jera duwatsu a inda ruwan yake sauka.

Malam, idan wata rana ka biyo ta ƙasar Adar, ka tsaya a Yama ka ga masallacin Juma'a. Falke Barmu ne ya gina shi a 1962, mutanen gari suka yi gayya, wasu suna buga bulo, wasu suna ɗebo ruwa, wasu suna kawo itace. Daga 1975 ya sake masa rufi, ya yi masa ƙubba da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, kuma a 1986 aka ba aikin kyautar Aga Khan ta gine-gine. Manomi ne mai gini, ba a makarantar boko ya koya ba. Tsohon masallacin Dandaji da aka mayar ɗakin karatu ma nasa ne.

Mai walda, Katako:
Sannunku da ƙoƙari. Ni a kan rufi zan yi magana, tunda shi ne hanyar abincina. Malam, faɗin mita 3 ya wuce ƙarfin azara guda, domin azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa idan tazarar ta haura kusan mita 2, shi ya sa maginan da suke yin bakan gizo da ɗaurin guga, wato rufi mai lanƙwasa kamar baka, idan suna son ɗaki mai faɗi, wannan kuwa aikin gwanaye ne. Ga shi azara mai kyau, ta giginya namiji wadda gara ba ta ci, daga wajen Gaya take zuwa, ma'aikatan gandun daji suna sa ido a kan sararta, kuma ta yi tsada. Abin da mutane suke yi yanzu shi ne su ɗora dogon ƙarfen ɗaukar rufi da muke kira IPN a kan faɗin ɗakin, su jera kwano a bisa, su shimfiɗa leda, sannan su zuba ƙasa su daɓe ta da ɗan gangare zuwa bakin indararo. Ƙasar ce take hana kwanon ɗaukar zafi. Amma ka tuna cewa jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai, saboda haka girman ƙarfen da tazarar da ke tsakaninsu ba abin ƙiyasi da ido ba ne, ka nemi wanda ya sani ya lissafa maka. Ka shafa wa ƙarfen fentin hana tsatsa, kuma kada ka aza kansa kai tsaye a kan bulon ƙasa, sai ka yi masa matashi na kankare domin nauyin ya bazu.

Ƙofa da taga kuwa za ka iya yinsu da kanka da katakon da ake ɗora kaya a kai a cikin kwantena, muna da shi a nan tuli. Ka duba tambarin da ke jikinsa: mai alamar HT da zafi aka kashe masa ƙwari, ba shi da matsala, mai alamar MB kuwa da guba aka yi masa turare, kada ka kai shi ɗakin da za a zauna.

Ma'aikaci mai ritaya, Bukoki:
Ina jin daɗin wannan zance, amma bari in kawo abin da ba a faɗa ba. Alfahari da aikin hannu abu ne mai kyau, ni ma gadon da nake kwana a kai ni na haɗa shi, sai dai akwai inda kuskure ba a kan mai aikin kaɗai yake faɗawa ba. Wayar lantarki ka kira mai sana'ar ya ja maka, ya sa ta cikin tiyo. Ka kuma leƙa ma'aikatar magajin gari ka tambaya ko ƙarin ɗaki irin wannan yana buƙatar takardar izini, domin tambayar ba ta cin komai. Sannan tunda a kusurwa za ka gina, ka zauna da maƙwabcinka tun kafin ka haƙa tushe, ka tabbatar masa cewa indararonka cikin gidanka zai zuba, ba jikin katangarsa ba. Na ga zumuncin shekaru ya lalace a unguwarmu saboda ruwan rufi.

Ɗalibin fannin gine-gine, Harobanda:
Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar azara ko ƙarfe, wato gini ba da itace ba, inda ake rufe ɗakin da ƙubba ko baka na ƙananan bulon ƙasa. A Cikal ta wajen Filinge aka fara gwada ta a ƙasar nan a 1980, kuma an horar da magina da yawa a kai. Ita ce ta fi sanyi da arha a kayan aiki, amma ƙubba tana tura bango waje, saboda haka ban ba wanda bai koya ba shawarar ya gwada shi kaɗai.

Malamin makaranta, Talladje (Yamai):
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawarar in fara da murhun Hajiya a wannan makon, in buga bulo bayan kaka, in yi tushe da bango da yaɓe da ƙofa da hannuna tare da ɗiyana maza, rufin kuma in nemi magini mu yi tare ina kallo ina koyo. Maƙwabcina zan same shi bayan sallar Juma'a. Baba, saura tambaya ɗaya: layi nawa na bulo ya kamata in jera a rana guda?

Tsohon magini, Tawa:
Kada ka wuce layi uku ko huɗu, Malam, ka bar kwaɓin da ke tsakaninsu ya sha iska kafin ka ƙara nauyi a kai. Ka fara da kusurwoyi, ka ɗaura igiya daga wannan zuwa waccan ka bi ta, ka kuma rataya ɗan dutse a zare ka riƙa duba miƙewar bangon a kowane layi. Bulon sama ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa, kada mahaɗa ta hau kan mahaɗa. Idan ka kai tsayin taga ka turo mana hoto mu duba kafin ka ci gaba.