Tsakanin kyamarar Nikon D3500 da Canon 250D, wacce zan ɗauka?

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sana'ar hoto ku fitar da ni daga duhu.

Ina ɗaukar hoton suna da biki a Aboabo da Asawase cikin Kumasi, da waya nake yi. Ranar Lahadi an yi walima bayan magariba ƙarƙashin kanofi, fuskar amarya ta fito dishi-dishi kamar an shafa mata toka. Har yau uwar amarya ba ta amsa gaisuwata.

Na je Adum na ga kyamara biyu, duk na hannu. Megafiksel ɗinsu kusan ɗaya ne, 24. Nikon batirinta na jurewa, caji ɗaya ya kai hoto 1,500, amma ba ta da ramin makirfo kuma allonta ba ya juyawa. Canon tana da duka biyun, har da bidiyon 4K, sai dai kuɗinta ya fi. Mai shagon kuwa Canon yake ta tura mini, wataƙila a can ribarsa take.

Ni matsalata dare ce. Kyamara ce ke gyara wannan, ko in sayi mai arhar in ƙara lens 50mm f/1.8 da filasha? Kuma yaya ake duba adadin hotunan da ta riga ta ɗauka kafin in biya?