Malanta, waƙa da iyali: abin da aka tattauna

Na bi zancen yadda malamin makaranta mai waƙa zai haɗa koyarwa da waƙa da iyali tun daga farko, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya ce kada a saki koyarwa. Albashi ko ya makara yana zuwa, kuɗin waƙa kuwa sai da biki. Azumi na kamawa, kasuwa ta kwanta.
2. Situdiyo sai Asabar da Lahadi. Wata ta ce maigidanta kan dawo ƙarfe 2 na dare murya a dishe, ga aji da safe, yara su kwana uku ba su sa shi a ido ba.
3. Inda aka rabu: zuwa da yara wajen wasan waƙa. Wasu suka ce ai gado ne, wasu suka ce sam. Ni dai ina tare da na biyun.
4. A ware kuɗin makaranta kafin a sayi fiyano.